Lamba ba iri ɗaya ba ce: yadda ake haɗa rigakafin cututtukan bakteriya da yadda ake gwada shi

Daga farkon Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kwantar a jihar Damagaram ta Nijar, 18 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya, kuma cutar ta taɓa Dungas da Magarya da Matamaye da Mirya da cikin birnin Zinder kansa. A cikin waɗannan makonni ne wata maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni zaure, ta kwance ledar da take adana karnen ɗanta, wato littafinsa na awo da rigakafi, ta miƙo mini shi ta ce: "Malam, duba mini nan. Ba an yi masa lambar sanƙarau yana wata tara ba? To, me ya sa aka ce a sake fito da yara?" Na duba, na ga hatimi da kwanan wata kamar yadda ta faɗa. Matar nan ba ta ƙi rigakafi ba, ba ta kuma tsallake ko ranar awo ɗaya ba. Abin da take nema bayani ne, kuma a ganina rashin wannan bayani ya fi jita-jita ɓarna, domin shi ne yake buɗe wa jita-jita ƙofa.

Amsar tambayarta tana cikin abu biyu da ba a cika faɗa wa jama'a ba. Na farko, kalmar lamba da muke yi wa kowace allurar rigakafi ta rufe abubuwa masu bambanci ƙwarai a yadda ake haɗa su da wanda suke karewa da tsawon lokacin da suke ɗauka suna aiki. Na biyu, irin rigakafin shi ne yake yanke irin gwajin da za a yi masa kafin ya iso cinyar yaro.

Ƙwayoyin cuta ba jinsi ɗaya ba ne. Waɗanda suke kawo ƙyanda da shan inna da shawara ƙanana ne ainun, ba sa iya hayayyafa sai sun shiga cikin ƙwayar halittar mutum. Bakteriya kuwa halitta ce mai cin gashin kanta: tana ci, tana rabuwa biyu, wata tana da riga da take lulluɓe jikinta, wata kuma tana fitar da dafi. Ita ce take kawo tarin fuka da tarin shiƙa da mashaƙo da sarƙewar haƙora da kwalara da zazzaɓin taifot da sanƙarau mai annoba da yawancin ciwon haƙarƙari mai tsanani na yara. Tunda kowace da makaminta, mai haɗa rigakafi dole ya zaɓi abin da zai nuna wa jiki domin jiki ya gane maƙiyinsa kafin ranar haɗuwa: ko dai bakteriyar gaba ɗaya, da rai ko a mace, ko dafinta, ko rigarta, ko wani yanki na jikinta.

Tabon da yake hannun kusan kowane ɗan ƙasar nan shaidar hanya ta farko ce. Allurar BCG da ake yi wa jariri ranar haihuwa bakteriya ce mai rai, ƴar uwar wadda take kawo tarin fuka, amma ta shanu. Masana biyu na Faransa, Calmette da Guérin, su ne suka yi ta renonta a kan dankalin Turawa da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa, suna ɗebe ta daga wannan mazubi zuwa wancan har sau 230 cikin shekara 13, har ta rasa ƙarfin sa cuta, sannan aka fara bai wa ɗan Adam ita a 1921. Da yake tana da rai, tana ɗan hayayyafa a wurin da aka soka ta, shi ya sa wurin yake yin ƙurji ya fashe ya bar tabo, kuma shi ya sa ba a yi wa wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, wato wanda yake hawa ƙwaƙwalwa da wanda yake watsuwa a jiki duka, amma ƙarfinta a kan tarin huhu na manya ba abin dogaro ba ne: wani babban gwaji a Ingila ya nuna kariya mai yawa, wani da aka yi a kudancin Indiya bai nuna komai ba a manya. Har yau, bayan shekara ɗari da ɗoriya, ita kaɗai ce rigakafin tarin fuka da duniya take da shi a hannu.

Hanya ta biyu ita ce a reni bakteriyar da yawa, a kashe ta da zafi ko da sinadari, a ba jiki gawarta. Haka rigakafin kwalara da ake ɗigawa a baki yake, haka kuma ɓangaren tarin shiƙa da yake cikin allurar Penta, wadda ake yi wa yara a mako na 6 da na 10 da na 14. Iyaye mata sun san Penta da zazzaɓi da kumburin cinya da kukan dare, kuma ba ƙarya suke yi ba: gawar bakteriya tana ɗauke da ɗaruruwan abubuwa da suke tada hankalin jiki, kuma yawancin zazzaɓin daga nan yake fitowa. Ƙasashe masu arziki sun koma ga wani irin da aka tsame ƴan furotin kaɗan kawai daga jikin bakteriyar, wanda Japan ta fara amfani da shi a 1981. Ya rage zazzaɓi, sai dai daga baya an lura kariyarsa tana saurin dushewa, har tarin shiƙa ya sake ɗagowa a wasu ƙasashen, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da suke kan tsohon irin su zauna a kansa. Kwana ɗaya ko biyu na zazzaɓi, a wannan karon, farashin kariya ce mai daɗewa.

Akwai kuma cututtukan da ba bakteriyar ce take kisa da kanta ba, dafinta ne. Ƙwayar sarƙewar haƙora tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni ko ta cibiyar jaririn da aka yanke da reza marar tsabta, ta tsaya a wurin tana sakin dafin da yake ɗaure jijiyoyi. Ta mashaƙo kuma tana zama a maƙogwaro, tana shimfiɗa wata fata mai toka-toka da take toshe numfashi, dafinta yana tafiya har zuciya. A 1923 Gaston Ramon na Cibiyar Pasteur ya nuna cewa idan aka jiƙa dafin mashaƙo da sinadarin fomalin aka ajiye shi cikin ɗumi na ƴan makonni, kaifinsa yana mutuwa amma siffarsa tana nan, ta yadda jiki zai koyi kama shi ba tare da ya cutu ba. Ba a daɗe ba aka bi wannan hanya aka karya dafin sarƙewar haƙora. Irin wannan rigakafi yana buƙatar maimaici, shi ya sa ake yi wa mai ciki fiye da sau ɗaya domin kariyar ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da yake cikinta. Kuma da yake ƙwayar sarƙewar haƙora daga ƙasa take zuwa, ba daga mutum ba, lambar maƙwabci ba ta kare kowa. Kowane mutum sai tasa. Mashaƙon da ya ɓarke a Matamaye a 2023, a daidai lokacin da yake cin yara a Kano, ya nuna abin da yake faruwa idan yara da yawa suka tashi ba su cika allura uku ba. Rigakafin bai canza ba tun zamanin kakanni, giɓin da aka bari ne cutar ta bi.

Inda maganar ta fi shafar mu, mu da muke zaune a tsakiyar yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, shi ne batun riga. Bakteriyar sanƙarau, da ta ciwon haƙarƙari, da wadda ake kira Hib, mai kawo wa ƙananan yara wani irin sanƙarau da ciwon haƙarƙari, da ta taifot, duk suna lulluɓe da wata riga mai santsi da aka saƙa da dogayen zaren sukari, wadda take hana sojojin jini riƙe su. Rigar ba iri ɗaya ba ce ko a cikin jinsi guda. A sanƙarau an raba su da haruffa, kuma shida ne suke kawo yawancin cuta: A da B da C da W da X da Y. Jikin da ya koyi gane rigar A ba ya gane rigar C, kamar yadda sanin fuskar ɓarawo ɗaya ba ya sa a gane ƙaninsa idan ya zo da wasu tufafi. Lambar da aka yi wa ɗan maƙwabciyata yana wata tara ta harafin A ce kaɗai, cutar da ta zo Damagaram a wancan hunturu kuwa, yawancin abin da gwaji ya tabbatar harafin C ne. Lambarsa ta yi aikinta, ba a dai aike ta wannan gona ba.

Rigakafin riga na farko, wanda aka samar a ƙarshen shekarun 1960, zaren sukarin ne tsagwaronsa, an tace shi an sa a kwalba. Yana aiki a manya da yara masu tasowa, amma yana da aibi uku da suka hana shi raba Afirka da sanƙarau. Jikin yaron da bai kai shekara biyu ba kusan ba ya amsa masa. Ba ya barin tuni a jiki, don haka kariyarsa tana ƙarewa cikin shekara uku ko kusa da haka, kuma maimaita shi ba ya ƙara masa ƙarfi. Sannan ba ya korar bakteriyar daga maƙogwaron masu lafiya da suke yawo da ita ba su sani ba, alhali ta nan take yaɗuwa idan ƙurar hunturu ta busar da hanci da maƙogwaro. Saboda haka aka mai da shi abin kashe gobara: sai annoba ta tashi, an ƙirga marasa lafiya sun haura ƙa'ida, sannan a nemo shi a yi ta yi wa jama'a cikin gaggawa. Da irin wannan makami aka tari annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama fiye da mutum 250,000 a yankin ta kashe kimanin 25,000, kuma da irinsa mai haruffa uku, A da C da W, aka fita unguwannin jihar nan a farkon waccan annoba ta 2022.

Dabarar da ta warware matsalar tsohuwa ce, tun 1929 masana biyu a Amurka, Avery da Goebel, suka nuna ta a dabbobi, amma sai a shekarun 1980 ta zama rigakafi. Ana ɗaure zaren sukarin da wani furotin da jiki ya iya ganewa, sau da yawa karyayyen dafin sarƙewar haƙora ko na mashaƙo. Idan jiki ya kama furotin ɗin, sai ya kira rukunin sojojin da suke rubuta tuni, su haɗa da sukarin da yake maƙale da shi su haddace. Da wannan ɗauri sai jariri ya amsa, kariya ta daɗe, bakteriyar kuma ta rasa wurin zama a maƙogwaro, ta yadda har wanda bai samu lamba ba yana cin albarkacin waɗanda suka samu. Ɓangaren Hib na cikin Penta irin wannan ne, haka allurar ciwon haƙarƙari da ake yi tare da ita, haka kuma MenAfriVac, lambar sanƙarau ta harafin A, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka tsaya aka haɗa a kamfanin Serum Institute na Indiya a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura. A Disamba na 2010 aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Harafin A, wanda shi ne ya riƙa kawo manyan annobai tun zamanin mulkin mallaka, ya ɓace kusan gaba ɗaya daga yankin. Wanda ya girma yana jin yadda ake ɗaukar gawa bayan gawa a watan Maris ya san girman wannan abu. Amma sauran haruffan suna nan: X ya tashi a Yamai a 2006, C kuma ya kama kusan mutum 8,500 a ƙasar nan a 2015, fiye da 500 suka rasu.

Harafin B shi kaɗai ya ƙi wannan dabara, domin rigarsa ta yi kama da wani sukari da yake jikin ƙwayoyin jijiyar ɗan Adam, jiki ba ya ɗaukar ta a matsayin baƙuwa. Sai da masana suka karanta kundin halittar bakteriyar gaba ɗaya, suka zaɓo furotin da suke ƙarƙashin rigar, kafin a samu rigakafinsa mai faɗin kariya a Turai a 2013. Ba shi ne yake damun yankinmu ba, don haka na bar shi nan.

Yadda ake gwada waɗannan abubuwa yana da tsari da aka sani. Ana farawa a ɗakin gwaje-gwaje da dabbobi, a ga ko abin yana tada garkuwa kuma ba ya cutarwa. Daga nan sai a gwada shi a ƴan gomomin manya masu lafiya da suka yarda da kansu, ana neman illa kawai. Mataki na biyu ya ƙunshi ɗaruruwa, a nan ake tsai da yawan abin da za a sa a allura da sau nawa za a yi, ana saukowa daga manya zuwa yara zuwa jarirai a hankali. A mataki na uku ne ake shigo da dubbai, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya a ba su sabon rigakafin, ɗayan a ba su wani abu daban, ba tare da su ko ma'aikatan da suke duba su sun san wa ya samu me ba, sannan a zauna ana ƙirga wanda ya kamu. Idan, alal misali, cikin yara 10,000 da ba su samu ba 100 suka kamu, cikin 10,000 da suka samu kuma 20 suka kamu, sai a ce rigakafin ya rage cutar da kashi 80 cikin 100. Da wannan hanya aka gwada rigakafin ciwon haƙarƙari a gabashin Gambiya a kan yara fiye da 17,000, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna mutuwar yara, ko da wane dalili, ta ragu da kashi 16 cikin 100 a gidan da aka yi wa. Da ita kuma aka gwada ɗaurarren rigakafin taifot a Malawi a kan yara kimanin 28,000, ya ba da kariya kusan kashi 80 cikin 100. Abin da ya burge ni a gwajin Malawi shi ne yaran gida na biyu ba ruwan gishiri aka soka musu ba, lambar sanƙarau ta harafin A aka yi musu, domin kada wani yaro ya miƙa hannunsa ya koma gida da ciwon allura kawai.

Sanƙarau bai yarda da wannan lissafi ba. Ba wanda ya san gundumar da zai faɗa wa bana, yana iya yin shekaru bai leƙa gari ba, kuma ba mai imanin da zai bar rabin yaran gari ba kariya ana tsakiyar annoba domin a samu abin ƙirgawa. Mafitar ta fito daga wani bincike na 1969 a kan sababbin sojojin Amurka, inda aka ɗebi jininsu ranar shiga bariki, daga baya aka ga cewa waɗanda suka kamu da sanƙarau kusan duk su ne waɗanda ruwan jininsu ba ya iya kashe bakteriyar a cikin kwalba. Wannan ya ba da ma'auni. Yau, bayan kwana 28 da yin allura, ana ɗibar jinin yaro, a ware ruwansa, a yi ta tsarma shi ninki bayan ninki, a zuba masa bakteriya mai rai, a ga iyakar tsarmin da zai kai yana ci gaba da kashe ta. Da wannan awo aka ba MenAfriVac izini, bayan gwaji a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana, inda ƙarfin jinin yaran da suka same ta ya ninka na waɗanda suka samu tsohon irin sau da yawa. Hujjar fili ta biyo baya ne: a Cadi an yi lambar a wasu yankuna a ƙarshen 2011 ba a kai ga sauran ba, da lokacin cutar ya zagayo sai aka ga ta ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi. Sabon rigakafin nan mai haruffa biyar, A da C da W da X da Y, shi ma ta awon jini ya wuce, a kan mutum 1,800 masu shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023, Najeriya ta fara amfani da shi a 2024, Nijar ta bi bayanta a cikin shekarar.

Irin wannan ma'auni na jini akwai shi ga mashaƙo da sarƙewar haƙora da Hib da ciwon haƙarƙari, shi ya sa sabon kamfani yana iya kawo nasa a gwada shi da na da cikin ƴan watanni. Tarin fuka ba shi da shi. Ba a gano abin da za a auna a jini a ce wannan mutum ya tsira ba, don haka duk wanda ya zo da sabon rigakafi dole ya bi dubban mutane shekara da shekaru yana jiran wanda zai fara tari. Wani da ake kira M72 ya nuna kariya kusan rabi a gwajin da aka kammala a 2019, kuma babban gwajinsa, mai neman mutum kimanin 20,000, sai a 2024 ya fara. Ga taifot da kwalara kuma akwai wata hanya mai ban tsoro a ji amma mai tsari: manya masu lafiya da suka yarda, a yi musu rigakafi, sannan a ba su bakteriyar su sha da gangan a ƙarƙashin kulawar likitoci, da magani a ajiye. An yi haka a Jami'ar Oxford kafin a amince da ɗaurarren rigakafin taifot. Ana yin haka ne kawai ga cutar da magani yake warkarwa tabbas idan an tare ta da wuri, ba wanda zai yi shi da sanƙarau.

Ba zan tsallake abin da yake zukatan mutane ba idan aka ambaci gwaji. A annobar 1996, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon maganin sanƙarau a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a. Magani ne na warkarwa, ba rigakafi ba, amma tsakanin Kano da Damagaram labari ba ya neman biza, kuma tabon yana nan. Abin da ya kamata mu riƙe daga wannan shi ne haƙƙoƙinmu: kada a sa yaro cikin gwaji sai kwamitin ɗa'a na ƙasa ya duba tsarin, sai an yi wa uba da uwa bayani da harshen da suke ji, sai sun san suna iya ƙi ko su janye ba tare da an hana ɗansu magani ba. Ya kamata kuma a bambanta gwaji da lambar yau da kullum, domin abin da yake cikin firijin likitar unguwa ya gama waɗannan matakai tun da daɗewa.

Samun izini ma ba ya rufe gwaji, domin rigakafi ba kamar ƙwayar farasitamol ba ne da ake haɗawa da awo ta fito iri ɗaya kullum; daga abu mai rai ake samo shi, kuma kowane dahuwa da halinsa. Duniya ta koyi wannan da hawaye a birnin Lubek na Jamus a 1930, lokacin da BCG ta gauraya da bakteriyar tarin fuka mai ƙarfi a ɗakin da ake renonta, jarirai fiye da 70 suka mutu. Shi ya sa kowane rukuni da ya fito daga masana'anta yake da lambarsa, kuma ana gwada shi shi kaɗai: a tabbatar ba wata ƙwaya da ta faɗa ciki, a auna gubar da take kawo zazzaɓi, a soka wa ɓeran Masar karyayyen dafi a ga bai farfaɗo ba, a gwada ƙarfin na tarin shiƙa a ɓeraye, a ƙirga ƙwayoyin BCG da suke da rai, a auna yawan sukarin da ya kwance daga furotin ɗinsa a ɗaurarren rigakafi. Hukumar ƙasar da aka haɗa shi ita ma sai ta sa hannu kafin ya fita, kuma UNICEF, wadda take sayo wa ƙasashe irin tamu, tana sayen abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ne.

Sauran gwajin a hannun majo, wato shugaban likitar unguwa, da ma'aikatansa yake. Na tsaya wata safiya a wata likita ina kallon ma'aikaciya tana fito da kwalabe daga akwatin sanyi, kowace sai ta juya ta ta dubi wani ɗan da'ira da yake jikin takardar, mai farin murabba'i a tsakiya. Murabba'in yana duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha tun daga masana'anta, ranar da launinsa ya kamo na da'irar kwalbar ta tashi daga aiki ko da kwanan watanta bai cika ba. A garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa, ajiye abu tsakanin digiri 2 da 8 aiki ne na kullum. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne sanyi ma yana kashewa: Penta da allurar masu ciki da ta ciwon haƙarƙari suna ɗauke da gishirin alminiyom da yake ƙara musu ƙarfi, idan suka daskare sun lalace ke nan, kuma da'irar ba ta nuna wannan. Sai dai a girgiza kwalbar da ake zargi tare da wata da aka daskarar da gangan, a ajiye su gefe da gefe, a ga wadda garinta yake saurin kwantawa. BCG kuwa, da zarar an dama ta da ruwanta, awa shida take da shi, abin da ya rage a zubar. Duk wannan kulawa ba ta bin kwalbar da aka saya a bayan fage. A 2015, lokacin da tsoro ya sa iyaye neman allura ko ta halin ƙaƙa, an kama jabun rigakafin sanƙarau a ƙasar nan har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi, aka sake samun irinsa a 2017 da 2019.

Akwai gwaji ɗaya da ya rage, kuma shi ne wanda iyalai suka fi ƙi. Idan aka kawo yaro da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, likita yana neman ɗibar ruwan bayansa da allura, mutane da yawa kuma suna jin tsoro, suna cewa ɗibar ce take gurgunta yaro ko ta kurmantar da shi, alhali cutar ce take yin wannan ɓarna. Ɗan ruwan nan da ake sa wa a kwalba a aika ɗakin gwaji, har ya kai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, shi ne yake faɗin ko bakteriyar sanƙarau ce ko ta ciwon haƙarƙari ko Hib, idan ta sanƙarau ce kuma wane harafi. Da shi aka san A ya ja baya, da shi aka gane C ne ya shigo Dungas da Magarya, da shi aka san irin allurar da za a roƙo daga rumbun ajiya na duniya, kuma da shi za a san ko sabon mai haruffa biyar yana yin a ƙauyukan Mirya abin da ya yi a gwajin da aka yi a Mali da Gambiya. Maƙwabciyata ta fita da ɗanta aka yi masa ta biyun a wancan mako, ta dawo da ƴar takarda ta sa a cikin karnen, ta ce in rubuta mata haruffan a gefen shafin domin ta san abin da za ta tambaya idan aka sake yin shela.